Numfashin Baba a Hannun Taubashina

Ni da taubashina, ɗan goggona, tare muka shiga makarantar koyon aikin jinya, tare muka fito. Ni ɗan wani ƙauye ne a ƙasar Sabuwa, shi kuwa a Ƙanƙara aka haife shi, amma duk hutu gidanmu yake yi. A aji na fi shi, shi ma bai taɓa musun haka ba.

Lokacin ne kuɗin man fetur suka shigo ƙasa, gwamnati tana gina asibitoci tana neman ma'aikata. Aka ce za a ɗauki mutum guda daga yankinmu, a tura shi birni ya koyo aikin sa marar lafiya barci kafin tiyata. Dukanmu muka nema. Shi aka ɗauka. Ni aka tura ni ɗakin shan magani a Faskari, ina wanke gyambo ina raba maganin zazzaɓi.

Da ya gama kwas aka ajiye shi a babban asibitin da ke kusa da mu. Yakan biyo ta Faskari a kan sabon babur ɗinsa, ya zauna a bencin marasa lafiya ya yi ta ba ni labari, ko ban tambaya ba. Ya ce iskar da suke shaƙa wa mutum iri-iri ce. Akwai tsohuwar, eta, mai warin tsiya, tana daɗewa kafin ta kama mutum, in ya farka kuma sai amai, ga shi ba ta shiri da wuta. Akwai sabuwar, halotan, mai ƙamshi, nan da nan take ɗauke mutum, amma in ka sake mata sai ta kwantar da bugun zuciya.

"Wannan duk wasa ne," in ji shi. "Allurar sakin jiki ita ce abin tsoro. Kana yi wa mutum sai ka ga namansa yana ɗan rawa, daga nan komai ya saki, har ƙirjin da yake numfashi da shi. Ba ta sa barci, ba ta kashe zafi. In ba ka haɗa da iska ba, mutum yana ji yana gani, amma ko ido ba zai iya ƙiftawa ba. Sai ka zura masa bututu a maƙogwaro, ka riƙa matsa jakar roba kana yi masa numfashi."

Na ce, "Wato dai an tura ka birni ka koyo zuga-zugi."

Muka yi dariya, don tsakanin taubasai ba a fushi da irin wannan. Amma yana tada babur ya tafi, sai na ji ɗakin shan maganin nan ya yi mini ƙunci. Duk abin da ya faɗa na riƙe shi tsaf, kuma na san da ni aka tura da na fi shi iya bayani.

Ana nan sai gwaiwar da Baba ya daɗe yana ɓoyewa ta hana shi sunkuyawa a gona. Na yi ta lallashinsa ya zo a yi masa aiki, ya ƙi. Taubashina ya je ƙauye sau ɗaya, suka zauna a zaure, washegari Baba ya ce a nemo mota.

Da hantsi aka shiga da shi ɗakin tiyata. Ina zaune a baranda tare da goggo, muna jiran a ce an gama. Azahar ta kusa, shiru. Sai wata ma'aikaciya ta leƙo ta kira ni, ta ce in wanke hannu in sa riga.

Na tarar likita ya gama ɗinki tuntuni. Baba yana kwance da bututu a baki, taubashina yana zaune a saitin kansa yana matsa baƙar jakar roba, gumi ya jiƙa masa hula.

Ya ce, "Aiki ya yi kyau. Allurar ce ba ta sake shi ba. Ga yawancin mutane kafin ka sha ruwa ta fita daga jiki, amma akwai waɗanda jininsu ba ya saurin narkar da ita. Kawu yana cikinsu. Babu abin yi sai mu yi ta yi masa numfashi har ta bar shi don kanta. Hannuna ya ƙage, zo ka karɓe ni."

Na zauna na karɓi jakar. Ya nuna mini yadda zan bi, in matsa in ga ƙirjin Baba ya taso, in saki. Shi kuma ya koma yana taɓa jijiyar wuyansa, yana daidaita iskar don kada Baba ya farka cikin jikin da ba ya motsi. In na gaji ya karɓa, in ya gaji na karɓa. Da ɗaiɗai muka fita muka yi salla. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba, amma ko a cikin tsoron ina lura da yadda likita yake tambayar taubashina, ba ya ba shi umarni.

Bayan la'asar na ji jakar ta motsa a hannuna ba ni na matsa ta ba. Na ce, "Duba!" Maƙogwaron Baba ya ja, yatsunsa suka ɗan lanƙwashe. Aka jira har numfashinsa ya yi ƙarfi, sannan taubashina ya zare bututun, ya sunkuya yana kiransa. Fuskarsa Baba ya fara gani.

A baranda ya ja ni gefe ya ce abin gado ne, duk ranar da za a yi wa wani a zuriyarmu tiyata a gaya wa masu aikin tun da wuri. Na ce na ji.

Bayan Baba ya warke aka taru a ƙauye ana yi masa barka. Ya sa aka shimfiɗa wa taubashina buzu kusa da shi. Duk wanda ya shigo sai ya maimaita masa.

"Kun ga ɗan nan? Raina ya tahi, shi ya riƙe mani numfashi da hannunshi tun hantsi har la'asar."

Taubashina ya ce, "Kawu, ai mu biyu ne. A hannun ɗanka ma ka fara numfashi."

Baba ya dube ni ina tsaye da buta a bakin zaure, ya ce, "To, Allah shi yi mashi albarka shi ma. Amma wa ya nuna mashi?"

Mutane suka yi dariya, ni ma na yi. Da taubashina ya yi shiru, da na ji haushinsa, abin ya zo mini da sauƙi, amma ya faɗi gaskiya a gaban kowa, ya bar ni ba ni da wanda zan ji wa haushi.

Na sake neman kwas ɗin a shekarar da ta biyo, aka ce Faskari ba ta da wanda zai maye gurbina. Ban ƙara nema ba. Baba ya yi shekaru masu yawa yana noma bayan haka, kuma har ya rasu, in ciwo ya kama shi ni nake kai masa magani, shi kuma ya karɓa ya juya kwalbar ya ce in bari tukuna a tambayi ɗan goggo.