Layin da Ya Ƙi Goguwa a Famfo na Huɗu

Jama'a, ni ban zo roƙon kowa ya yarda da ni ba. Wanda ya ga dama ya ce shaci-faɗi ne, ba zan bi shi gida da rantsuwa ba, amma wallahi tallahi a kaina abin nan ya faru, da rana tsaka, idona biyu, ba zazzaɓi nake ba kuma ban taɓa shan komai ba.

Shekarun baya na yi aiki da wata ƙungiyar manoman rani da ke da ofis a Funtua, gonakinsu kuma suna can gefen Danja a bakin wani dam. Famfuna shida gare su masu aiki da sola, kowane da ɗakinsa da 'yar kwamfutar da ke kunna shi tana kashe shi. Aikina shi ne kula da waɗannan kwamfutoci da babbar da ke ofis, wadda muke kira saba. Tsarin ba wuya: a sabar akwai kundin umarni guda, a kowace ƙaramar kwamfuta kuma akwai wata manhaja da nake kira ɗan aike, duk bayan rabin awa sai ta leƙa kundin ta mayar da komai yadda aka rubuta. Ko ka canza abu da hannunka, ɗan aike zai zo ya warware maka. Ni kuwa a lokacin ji nake duk kudancin Katsina babu wanda ya kai ni sanin wannan aiki, kuma har yau ban janye ba.

To, bazara ta fara ke nan sai famfo na huɗu ya tsiro da wani hali. Kullum ƙarfe sha biyu da minti arba'in sai ya mutu, ya yi minti ashirin, sannan ya tashi. Za ku ce minti ashirin me ne ne? Ku tambayi Baba Iro, wani dattijo da gonar tumatirinsa take can ƙarshen magudana, kuma lokacin ban-ruwansa daidai nan ya faɗo. Da famfo ya tsaya sai ruwan hanya ya tsotse, kafin ya sake isowa gare shi lokacinsa ya ƙare an juya wa na gaba. Tumatirin na cikin fure, furen ya fara zubewa, kuma ita ce kaɗai gonar bawan Allah.

Na buɗe kwamfutar famfon, sai ga layi biyu da ban san su ba. Na farko umarni ne na a kashe famfo a wannan lokaci. Na biyu 'yar sanarwa ce irin wadda muke bar wa juna, an rubuta da Hausa: "Kar a goge. Akwai mutum a ciki."

Na yi tsaki na goge. Wane mutum? Ɗakin a kulle yake, makulli ɗaya yana aljihuna ɗaya yana ofis. Bayan rabin awa layin ya dawo, na ce ai laifina ne, kuskuren sabon shiga na yi, tunda yana cikin kundi dole ɗan aike ya mayar da shi. Na koma Funtua na buɗe kundin, na bi shi daga sama har ƙasa sau uku, babu wannan layi. Na duba tsofaffin kwafi tun daga ranar da aka kafa tsarin, babu. Na duba rajistar da ke nuna wanda ya shiga da abin da ya taɓa, babu kowa sai ni. Na share ajiyar wucin-gadi ta ƙaramar kwamfutar ko wani tsohon kwafi ya maƙale, na canza duk kalmomin sirri, na kira wanda na gada a aikin, yana Kaduna da ransa da lafiyarsa, ya rantse mini bai taɓa rubuta sanarwa da Hausa ba a rayuwarsa. Washegari sha biyu da arba'in na cika, famfo ya mutu.

Kafin mako ya zagayo magana ta cika gonakin. Wasu suka ce ai mutanen ɓoye ne ke sauka shan ruwa da tsakar rana, ga tsamiya nan bayan ɗakin. Alhaji Garba, shugaban ƙungiya, ya kira ni ofis ya ce, "Injiniya, ni ban san aljani ba ban san kwamfuta ba. Tumatir na sani. In Juma'a ta wuce ruwa bai kai wa Iro ba, za mu nemo wanda zai iya." Raina ya ɓaci ƙwarai, na ce masa, "Ranka ya daɗe, ko wane ne ya rubuta layin nan, mutum ne ko aljan, ni zai tarar."

Shi Baba Iro da abin ya shafa shi ne ma mai ba ni haƙuri. Ya same ni a ƙofar ɗakin famfo ina ta fama, ya tsuguna ya ce, "Injiniya, mi aka rubuta ne a ciki?" Na karanta masa. Ya ce, "To tunda an ce kar a goge, ka bar musu mana. Tumatir ai na Allah ne." Na ce, "Baba, in na bar musu yau, gobe famfo na biyar za su nema. Ba a yi wanda zai shigo mini cikin aiki babu sallama ba."

Na goge kwamfutar kaf na sake ɗora mata komai sabo. Layin ya dawo. Na cire mata hanyar sadarwa gaba ɗaya yadda ba ta jin saba ba ta jin kowa. Ya dawo. A nan ne, ba zan ɓoye muku ba, tsigar jikina ta tashi, sai dai taurin kai ya fi tsoron yawa.

Ranar Alhamis na ɗauko sabuwar kwamfuta fil daga kwalinta. Ban sa mata ɗan aike ba, ban haɗa ta da komai ba, da yatsuna na rubuta mata umarni ɗaya tak: kunna da safe, kashe da yamma. Ranar Juma'a da hantsi na hau babur na kai ta na ɗaura, na yi shirin masallaci tun daga gida, babbar rigata ta shadda fara sol, don niyyata in ga sha biyu da arba'in ta wuce famfo na aiki, in ɗauki bidiyo, in wuce masallaci in nuna wa Alhaji Garba a gaban jama'a.

Baba Iro yana bakin ƙofa da laujensa, ya ce, "Ka fito daga ɗakin nan, Injiniya, an kusa kiran salla." Na ce, "Ina nan daram. Yau sai na ga mutumin da ke ciki."

Injin na ta ruri, bel ɗin da ke juya famfon yana gudu har ba ka ganinsa sosai. Saura minti ɗaya na kunna kyamarar waya, na sunkuya don in haɗa allon agogo da bel ɗin a hoto guda. Ban saɓa rigar a kafaɗa ba. Abin da na ji kawai shi ne an fizge ni, kamar ƙato ya damƙi hannuna na dama, wayar ta yi tsalle, gwiwoyina suka bugi ƙasa, ina ganin shadda tana naɗewa a jikin ƙarfen da ke juya bel tana jan kafaɗata, ko salati ban iya ƙarasawa ba.

Sai injin ya mutu.

Shiru, sai kukan kurciya a kan tsamiya. Yatsuna sun riga sun taɓa ƙarfen, ina jin zafinsa, kumatuna kuma bai fi taƙi ɗaya da bel ba. Baba Iro ya faɗo ɗakin yana innalillahi, ya sa lauje ya yanke hannun rigar daga kafaɗa, ya ja ni waje. Shi bai taɓa makunni ba, bai ma san inda yake ba, rana kuwa tana ƙwalla ba wanda zai ce wutar sola ce ta ɗauke. Da na dawo hayyacina na rarrafa na duba allon. Sha biyu da arba'in daidai. Na buɗe sabuwar kwamfutar, ga layin nan biyu a ƙasan nawa. "Kar a goge. Akwai mutum a ciki."

Baba Iro ya dube ni ya ce, "To ka gan shi?" Kuka ne ya zo mini, ni da ban yi kuka ba tun rasuwar mahaifina.

Ranar ban goge komai ba. Washegari na dawo da niyyar in sake wa Baba Iro lokacin ban-ruwa in bar layin da halinsa, na buɗe kwamfutar, babu shi. Na kunna tsohuwar da na cire, ita ma babu. Sha biyu da arba'in ta zo ta wuce famfo na ta aiki, ruwa ya kai ƙarshen magudana, kuma har na bar aikin bai sake tsayawa ba. Tumatirin Baba Iro ya farfaɗo, ko da yake furen farko ya tafi.

Abokan sana'ata da na ba labarin sun ce wani ɓoyayyen kwafi ne ban gano ba. Na ce su nuna mini yadda kwafi ke shiga kwamfutar da ba a taɓa haɗa ta da hanyar sadarwa ba, har yau ina jira. Masu cewa aljanu ne su ma na ce ban gani ba, ba zan yi shaidar zur ba. Ban san wanda ya rubuta ba, kuma ba zan ƙirƙiro muku ba don ku ji daɗi. Abin da na sani shi ne kwana goma sha ɗaya na yi ina yaƙi da shi da duk ilimina, kuma da na yi nasara da ba ni ke ba ku labarin nan ba.

Don haka 'yan uwana masu wannan aiki, in ka tarar da layin da ba ka san mai shi ba, ka bincika iya ƙarfinka, ban ce ka ji tsoro ba, amma kar yatsanka ya riga hankalinka zuwa wajen gogewa. Kuma don Allah kar ka kusanci bel da babbar riga. Mai musu ya zo Funtua, rigar tana nan cikin akwatina ban yar ba. Hannu ɗaya gare ta, ni kuwa da biyu nake rubuta muku wannan.