Direba da Bokitansa Uku

Rigimar farko da ƙanen mijina ya yi a kan abincin kaji kashi ya sha, kuma a kan idona aka yi. Bokitin wankin matarsa ya ɗauka ba tambaya, ya zuba tsakin masara da dusa, ya cika da ruwa, sannan ya danne murfi ya naɗe shi da robar taya. Mutum ne da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana tuƙa babbar mota, a wurinsa duk abin da bai ɗauru tamau ba hatsari ne. Ba a jima ba rana ta ƙwalle, jiƙon ya kumbura, murfin ya yi sama, kumfa mai tsami ta yi wa fararen zannuwan gadon da ke kan igiya ado.

Ya tsaya yana kawo hujja, wai bokitan zamani ne ba su da ƙwari. Matar ta bar shi ya kai aya, sannan ta miƙa masa sabulu. Ranar na ga Direba durƙushe yana wanki, kaji na tsintar dusa a ƙafarsa. Hukuncin da ta yanke kuwa shi ne ya kwashe tarkacensa zuwa lungun bayan banɗaki, kuma ranar da wari ya iso ƙofar ɗakinta, kajin tukunya za su.

Na yi dariya har da hawaye, amma na san abin da ke ƙasa. Tun da idonsa ya raunana aka karɓe makullin mota, Direba ya zama kayan ɗaki. Ya wuni bisa benci yana kallon bango, abinci sai an roƙe shi. 'Yan kajin nan da wani abokin aikinsa ya ba shi su ne suka fara tashe shi da safe. In suka tafi, benci zai koma, benci kuwa na san inda yake kai tsoho, don shi ya tafi da yayansa, wato mijina.

A lungun nan ya koyi abin da hanya ba ta koya masa ba, wato sassauci. Ya gane jiƙo numfashi yake yi, murfi ɗora masa ake yi kawai. Ruwa ya haura kan hatsin, in ba haka ba fumfuna ta hau, ya zama na zubarwa. Safe da yamma yana juyawa da guntun icen tsintsiya, ya kara hanci ya shinshina. In tsami ya tashi mai daɗi, ya nuna. In ɗoyi ne, ko kaza ba ya bari ta leƙa. Bokiti uku ya jera kamar motoci a tasha, ya ce mini wannan na lodi, wannan na kan hanya, wannan ya iso. Wanda ya iso yakan tace a kwando, ya gauraya da garin soyayyen waken soya da ɓawon ƙwai da ya gasa ya daka. Ruwan tsamin kuma ba ya zubarwa duka, da shi yake tayar da sabon jiƙo, wai turin mota ke nan.

Na ce, "Direba, da haka ka kula da matarka da yanzu tana ƙwai."

Ya ce, "Yaya, ita ba ta jiƙuwa."

Kaji suka yi sheƙi, hatsi ya riƙa auki, ƙwai ya yi ɓawon da sai ka buga sau biyu. Matar da ta yi alkawarin tukunya ita ce yanzu take ajiye masa ɓawon ƙwai a gwangwani, tana cewa don dai kada ya bushe mata a kicin ne.

Sai babban ɗansu ya zo ganin gida, da takalmi mai ƙyalli da turare har bakin titi. Ya tarar da uban hannu dumu-dumu cikin bokiti, ransa ya ɓaci. Ya ce mutane za su ce ba ya kula da iyayensa, ya riga ya yi magana da mai sayen kaji, a kwashe su Baba ya huta. Yaron da kyakkyawar niyya ya zo, hankalin ne ya manta a mota. Ya juya wajen uwar yana neman goyon baya, ita kuwa ta duƙufa tsintar shinkafa kamar an ba ta kwangila.

Direba bai yi musu ba. Ya ɗauki kwandon abinci ya ƙwanƙwasa gefensa. Kaji suka ɓarko daga ƙarƙashin keji, daga bayan randa, wata ta diro daga kan katanga, har suna take takalmin mai ƙyalli.

Ya dubi ɗan ya ce, "Ka ga yadda suke rugowa in sun gan ni? Ranar da kai ma ka fara rugowa wurina haka, sai mu yi maganar sayar da su."