Gajeriyar Ƙafar Kantar Inna Gimbiya

Duk matar da ta shiga ɗakin Inna Gimbiya a Talata Mafara, kafin ta rufe baki daga sallama za ta ji an ce, "Maraba, maraba, amma kak ki jingina ga kanta." Sai an kauce wa kantar sannan a shiga gaisuwa. Matan gidan hayar sun haddace maganar, har suna tsokanar juna da ita a bakin rijiya. Ita kuwa ko a jikinta, abubuwan da suka gajiyar da ita a duniya sun fi ƙarfin dariyar mata.

Kantar ta katakon maɗaci ce, hawa huɗu, babu ƙusa babu noti a jikinta. Marigayi mijinta, Malam Nasidi kafinta, shi ya yi ta tun suna ƙauyensu can bayan Janbako. Wata Talata ya zo cin kasuwa ya ga irin ta roba da ake sayarwa cikin kwali, wadda ake cusa wannan cikin wancan ta tashi tsaye. Ya jijjiga ta, ya yi tsaki, ya ce dabarar ta yi amma kayan na banza ne. Ya koma gida ya yi tasa: ƙafafu masu huji, alluna masu harshe da ke shiga hujin su leƙo ta waje, sai a soka musu fegi, ɗan guntun katako fiƙaƙƙe, a buga ya kulle. Nufinsa dai idan Gimbiya za ta yi wa ɗaki shafe ta kwance abarta ta fitar, ba sai ta tara maza ba.

To, ita Gimbiya da hannunta ta yi daɓen ɗakin, kuma gaskiya Allah bai ba ta hannun daɓe ba, don kusurwar gabas tudu ta yi. Nasidi bai ce ta sake ba. Ya durƙusa ya gwada tudun, ya rage ƙafa ɗaya ta baya daidai da shi. Da aka kafa kantar sai ta zauna daram. Gimbiya ta jera samirunta da kwalla da tangaran ɗin aurenta, 'ya'yanta suka taso suna lilo da ita, ba ta taɓa ko girgiza ba. Nasidi ya rasu a kan gadonsa tun gari yana zaune lafiya, Gimbiya kan ce Allah ne ya so shi da hutu.

Da mutanen daji suka hana noma suka hana barci, ƙauyen ya watse. Maƙwabta suka bar gadajensu da kabad, don babur ba ya ɗaukar su. Gimbiya kuwa ta bubbuge feginta ta ƙulle a bakin zane, ta ɗaure alluna da igiya, ɗanta Ukasha ɗan kabu-kabu ya ɗora a baya. Ta ja ƙyauren ɗaki ta saka sakata, tana cewa ai kwana kaɗan ne su dawo.

Suka zauna a Maradun a ɗakin ajiyar wani ɗan'uwa, har zaman ya fara tsami. Suka koma Bakura wajen ƙanwarta, nan ma gida ya yi kaɗan. Daga ƙarshe Ukasha ya kama ɗaki biyu a Talata Mafara, ɗaya nata, ɗaya nasa da matarsa Shamsiyya. Ko'ina aka sauka, kafin a shimfiɗa tabarma Gimbiya ta kafa kanta. Amma katako ba ya son yawan kwancewa. Kowace tafiya sai hujin ya ƙara faɗi, harsunan su ƙara siranta, fegi ya riƙa shiga ba tare da an buga ba. Ga kuma gajeriyar ƙafar nan, wadda duk ɗakin da aka je a sama take reto tana neman tudun da babu shi.

Gimbiya ta san maganinta, ko da yake magani ne da ba ya ƙarewa. Ta cusa tsingaron tukunya a ƙarƙashin gajeriyar ƙafar. Ta riƙa jiƙa fegin cikin ruwa su kumbura su cika hujin, kamar yadda Nasidi ya koya mata. Da damina katakon kan sha danshi ya tsuke, ta samu sararin kanta. Da bazara kuwa komai ya bushe ya saki, ko mota ce ta wuce a titi sai murafen samira sun amsa. Ta sauko da masu nauyi ƙasa, ta mai da marasa nauyi sama, ta cusa tsumma inda ya yi sako-sako. Da wannan take tashi kullum, kafin ta zauna tsintar shinkafar da masu sayarwa ke kawo mata aikatau, ga baya yana ciwo, ga ido ya fara hazo.

Ukasha ya sha gaya mata. "Inna, wagga wahala ta isa hakanan. Bari in yanke ƙahwahun nan ukku su daidaita da gajeruwar, in buga ta ga bango da ƙusa, ki huta."

"In ka yanke su, ran da munka koma gida ina za ta zauna?" in ji ta. "Ubanka ga daɓena yag gwada ta. Bar min abina."

Shi ke nan, sai ya fita. Ya san ba kantar ake wa gardama ba, komawa gida ake wa. Muddin ƙafar nan tana gajeriya, Inna baƙuwa ce a Talata Mafara, jira kawai take yi.

Ana nan Shamsiyya ta haifi Husna, kuma yarinyar ba ta da wurin zama sai ɗakin kakarta. Gimbiya na kiranta ƙawata, tana tsokanarta wai ta cika kwaɗayi. Wata rana da hantsi, cikin zafin bazara, Gimbiya tana bakin ƙofa da faifan shinkafa, Husna ta rarrafa bayanta ta ga tsingaron nan, ta kama da hannu biyu ta zare. Kantar ta karkata, fegi ɗaya ya fita, allon sama ya zame. Tangaran suka tarwatse, babbar samira ta faɗi dab da kan yarinyar, murfin ya goge ta a goshi.

Shamsiyya ta shigo a guje ta sure 'yarta. Ta fice da ita, don ba ta saba ɗaga ido gaban surukarta ba. Ƙulun goshin ya sace da wuri, amma daga ranar Husna a bayan uwarta take wuni. In ta miƙo hannu wajen kakarta, sai Shamsiyya ta tuna wani aiki a madafa. Gimbiya ta share fasassun tangaran, ta mai da tsingaro, ta jiƙa fegi. Ɗakin ya yi shiru, kuma shirun ya fi mata ciwo a kan duk ƙaurar da ta yi.

Da Ukasha ya shigo gaishe ta wata safiya, ta bari ya gama sannan ta ce, "An ce ka kai wani can wajen gida kwanan baya. Hwaɗa min gaskiya, ɗakina na tsaye?"

Ya sunkuyar da kai. "Inna, tun daminar bara ruhin yaz zube. Ban so in hwaɗa miki ba."

"Tudun hwa?"

"Haki ya ruhe wurin, Inna, ciyawa har gwiwa. Ba a gane komi."

Ta ajiye faifan da ke cinyarta. Ba ta yi kuka ba, gajiya ce ta sauko mata har cikin ƙashi. Can ta ce, "Tahi ka aro zarto."

Ita da kanta ta sauke kwanukan ta cire fegin. Ta danne dogayen ƙafafun nan uku ɗaya bayan ɗaya da gwiwa Ukasha yana yanka, garin maɗaci na zuba a kan siminti. Ya nemi izinin mai gidan haya, ya haɗa kantar, ya bi ta da ƙusa ya kafe ta a bango. Gimbiya ta sa hannu ta tura da iya ƙarfinta, ko motsi. Guntayen da aka yanke ta wanke su, ta miƙa wa Husna, wadda uwarta ta sauke a bakin ƙofa ba tare da an roƙe ta ba.

Washegari Adama maƙwabciyarta ta shigo aron rariya. Ta yi sallama, ta raɓe gefe kamar yadda ta saba, tana jiran a faɗa mata. Gimbiya ba ta ɗago daga tsintar shinkafa ba.

"Jingina abinki, Adama," in ji ta. "Ba ta zuwa ko'ina."