Ƙotar da Na Tsaga wa Dada

Yarona ya yi ƙyanda a shekarar da aka raba wa ƴan makaranta tutoci kore da fari. Ƙyandar ta tafi, ta bar shi da ƙafafu kamar sillen kara. Da har ya fara taku biyu uku, amma bayan ciwon sai ya koma jan gindi, in na tsai da shi ya sulale. Ba zan rubuta sunansa ba, ɗan fari ne. Maigidana yana can wajen aikin layin dogo da ake jawowa Bauchi, daga ni sai mahaifiyarsa, Inna, a gida, nan garinmu Ɗan Iya. Inna mace ce mai kirki. Tausayi ne ya sa ta ce a kira wanzami ya tsattsaga gwiwoyin yaron, ya kafa ƙaho ya janye mataccen jini. Ta sa ranar Alhamis. Ni kuwa na rasa ci, na rasa sukuni, ban san ko in yarda ba. A kwanakin nan ne Dada ta yi ta faɗo mini a rai.

Dada kakata ce ta wajen uwa, ƴar maƙera. Ina da shekara takwas ko tara ruwa ya kayar da katangar bayan ɗakinta, aka tsinci ruwan wani ƙaramin gatari a cikin ƙasar. Na kakanmu ne, marigayi. Tsatsa ta cinye shi, ƙotar kuwa gara ta gama da ita tuntuni. Kawu ya ce a jefar. Dada ta karɓa ta juya shi, ta ƙwanƙwasa da zobenta, ta ce, "Wannan da sauransa."

Ta jiƙa shi kwana biyu cikin ruwan tsamiya, ta dirje da yashi da toka, ta wasa a kan dutse har bakin ya yi fari. Sannan ta sauko da wani guntun marke daga kan rumfa, busasshe, mai ƙulli a ka.

"Dada, aikin maza kike yi?" na tambaya.

"Mazan sun ce a jefar. Je ki kai ƙarata, mai bakin tsuntsu. Kafin nan matso ki hura mini wuta."

Gatarinmu ba irin na kanti ba ne mai rami a jiki. Tsini gare shi ta baya. Tsinin ake gasawa ya yi ja, a dasa a kan ƙullin ƙotar ya ƙona wa kansa hanya. Bayan magariba, an sauke tuwo, sai Dada ta jawo garwashi ta tura ƙarfen ciki, mu jikokinta mata uku mu kewaye ta. Muddin ƙarfe yana wuta, akwai tatsuniya. Da ya yi ja, ta yi shiru.

"Ga ta nan tafe, wa zai tare ta?"

"Mu ne, Dada!"

Wata mata ce, in ji ta, ruwa ya kama ta a daji da ɗanta. Ta sa shi cikin kogon kuka ya fake, kukar ta rufe bakinta da yaron a ciki, sai wata ƴar kafa da ba ta wuce yatsa ba. Matar ta ruga wajen maƙeri, ya ba ta ruwan gatari, ya ce ƙota kuma sai ta nema. Ta karyo ɗanyen reshe ta cusa, ta ɗaga za ta sara, ƙarfen ya fice ya faɗa cikin ciyawa.

A nan ƙarfenmu ya yi ja. Dada ta kama shi da awartaki ta dasa a kan marken. Ya yi cuuu, hayaƙi ya tashi mai ɗaci, ta murɗa kaɗan, ta zare.

"Shi ke nan na yau."

"Haba Dada, ai bai shiga ba!"

"Itacen ya sha zafi. Bar shi ya huce."

Washegari ta ci gaba. Matar ta gamu da wata tsohuwa, ta ce mata sai busasshen itace, kuma a ƙona masa hanya a hankali. Matar ta ɗora hannu a ka ta ce, "Iya, ɗana fa yana ciki!" Ƙarfe ya sake yin ja, Dada ta sake yin shiru.

Da safe na ga ramin ya wuce rabi. Na ce a raina, in gatarin ya shiga, dole ta ƙarasa mana yau. Dada tana bayan gida, na sa tsinin a ramin, na ɗauko taɓarya na maka. Ƙotar ta yi tsas, ta rabe tun daga ka har tsakiya.

Ba ta doke ni ba, da ma ta doka. Ta ɗauki ɓarin biyu ta haɗa, ta raba, ta dube ni.

"Sannu, ƙawata. Kin taya ni aiki."

Na fashe da kuka.

"Ajiye hawayenki, ba a liƙa itace da shi. Ƙarshen tatsuniyar yana cikin ƙotar nan. Sai wata ƙotar ta bushe."

Na zaci wasa take. Ta sa aka saro mata ɗanyen marke mai ƙulli, ta ɗora kan rumfa. Ta yi mana wasu tatsuniyoyin da yawa, amma wannan ko an roƙe ta sai ta nuna rumfa da haɓa. Ƴan'uwana suka yi ta zungurina. Duk Juma'a ta sa ni in sauko da itacen, in ji nauyinsa, in ƙwanƙwasa, in juya ɗaya gefen in mayar. Da farko ƙararsa dum-dum. Aka yi girbi, aka yi zafi, ya yi sauƙi a hannu, ya fara amsawa ƙwal-ƙwal. Sai da gajimare ya fara haɗuwa ta ce, "To."

Yamma huɗu muka yi, ni ce mai hura wuta. A cikinsu ta ƙarasa. Matar ta jira itacenta ya bushe, amma kullum tana gindin kukar. Ta sami karan gamba tana zura wa yaron kunu ta kafar nan, tana kiran sunansa, shi kuma yana buga mata daga ciki. Da haka ta gane inda kansa yake, da inda ƙafarsa take. Ran da gatari ya haɗu, ta sari gefen da babu shi, ta fito da shi da ƙibarsa.

"Da gatarin farko ya ci," in ji Dada, "daidai wuyansa ta nufa. Ta ƙare, kowa ta naɗe tabarmarta."

Ta buga gindin ƙotar a ƙasa sau uku, ƙarfen ya zauna daram. Ta shafe ta da man kaɗe, ta miƙo mini in fara faskara.

Shekaru na ɗauka cewa haƙuri kawai take koya mana. Sai ranar Larabar nan, ina duban gwiwoyin yarona, na tuna da kunun. Matar nan ba zama ta yi ba. Hannunta ta hana sara, ba ta hana shi aiki ba.

Na durƙusa gaban Inna, na ce, "Inna, a yi mini arziki a ɗaga maganar wanzamin nan. A ba ni wata biyu."

Ta dube ni da mamaki, don ban taɓa musa mata ba. Ta ce, "In ya gurgunce fa?"

Na ce, "A dai ba ni."

Na goya shi zuwa asibiti. Malamar da ta duba shi ta ce ƙashinsa lafiya lau, ciwon ne ya ramar da shi, in dage da kunun gyaɗa da wake da ƙwai. Inna ta ce ƙwai yana sa yaro sata. Bayan kwana uku kuma na ga ta dafo ɗaya da kanta, tana ɓare masa tana cewa, "Ci, ɓarawo." Safe da yamma ina murza masa ƙafafu, ina lura da wadda ya fi tokarawa. Tsoron bai bar ni ba ko yini ɗaya. Na dai sama masa abin yi.

Dada ta rasu kafin aurena, ban taɓa ce mata na gode ba. Yanzu nake faɗa, bayan kowace salla. Allah Ya kai haske kabarinta.

Saura kwana shida wata biyun su cika, ina sunkuye ina tankaɗe, na ji an kama zanena ta baya, an ja, an ƙara ja, nauyin yana hawa sama. Inna ta ajiye maficinta, ta ce a hankali, "Kada ki motsa, ƴar nan. A tsaye yake."

Bayana ya ƙage, garin yana zuba a ƙasa. Ban motsa ba.