Ƙafar Mma Abida

Ranar Talatar nan na faɗa kwata, ni da moto, wato babur ɗina, da galan huɗu na ruwa. Tun bayan asuba nake layi a wani pampo a unguwar Kukuo, don na lungunmu rabonsa da ɗigo tun kafin azumi. Na ɗaure biyu a dama, biyu a hagu, na taho ina ji da kaina kamar direban tanka. Daidai ƙofar gidan Mma Abida, katakon da muka gicciya a kan kwata ya ce shi ma ya gaji. Na tashi baƙi ƙirin har gemu, takalmi ɗaya ya bi ruwa.

Mma Abida tana zaune a kan benci, ta miƙe ƙafarta ta hagu a kan kujera. Ba ta tambayi ko na karye ba.

"Sualihu, biyu sun fashe, biyu suna nan. Ɗaure musu murfi kafin ka fara kuka."

Abin kunyar, ran nan wurinta aka aiko ni. 'Yarta Bashiratu ce ta kira ni a waya, ta ce, "Kawu, kai ne mai baki. Ka je ka lallashe ta ta dawo gidana, kafin a yanke mata ƙafa."

Mma Abida ta kusa saba'in. Kakanta ya zo daga Kano da kanwa, ya ce goro zai saya ya koma, ga shi har yau jikokinsa ba su gama sayen goron ba. An kawo ta amarya lungunmu na bayan Nyanshegu tun yana gida uku da gonar masara. Ta yi shekara talatin tana sayar da koko da ƙosai, amma ba da koko aka san ta ba. Ita ce mai yi wa mata wankan gawa. A wurin surukarta ta koya.

Shekarar da pampo ya fara ɗaukewa, wata tsohuwa ta rasu da safe, gawa ta kwanta har la'asar don babu ruwan wanka. Mma ta fito ta bi gida gida da bakinta mai kaifi. Daga ranar aka sa doka: in an yi mutuwa, kowane gida zai fito da galan ɗaya ya ajiye a ƙofa, tun kafin a ɗora tukunya. Har Lamisi mai zuwa coci tana fito da nata, kuma nata ya fi na wasu alhazai cika. Mma ce ke bi tana tarawa, mata na biye da ita suna ɗauka. A kowace ƙofa sai ta tsaya ta ji wa ke da zazzaɓi, wa miji ya daina yi wa magana. Na sha faɗa a shagona na ɗinki cewa a lungunmu sai ka mutu kake samun cikakken wanka. Ana dariya, amma ba a daɗe ana yi.

Da damina kwatar nan tana shigo mana har ɗaki. Asambuliman namu, wato kansilan unguwa, ya zo ya auna ta da tef sau uku. Ni tela ne, ban taɓa ganin mai yawan awo ba ɗinki kamarsa ba. Shekara biyu da suka wuce, Mma tana kwashe ruwa daga ɗakinta, wani guntun kwano ya yanke ta a ƙwauri. Ga ciwon sukari. Gyambo ya zauna, ya ƙi rufewa. Nas ta ce a riƙa wanke shi da ruwa mai tsabta safe da yamma, a kiyaye shi daga datti. Mma ta tambaye ta ko za ta rubuta mata sunan kantin da ake sayar da irin wannan unguwar.

Sai Bashiratu ta ɗauke ta. Malamar makaranta ce, ita da mijinta sun yi gini can bayan gari, da rijiyar burtsatse da katanga mai tsawo da ƙofar ƙarfe. Wata huɗu Mma ta yi a can, gyambon ya bushe tas. Na je dubiya, na tarar da ita zaune tana kallon ƙofar ƙarfen, tuwo a gefe ba ta taɓa ba, zane na neman zamewa daga ƙugunta.

"Mma, kin zama hajiyar birni," na ce.

"Tun safe mutum ɗaya ya gaishe ni," ta ce. "Shi ma gida ya ɓata."

A watan na huɗu Awa ta rasu. Ƙawar Mma ce tun suna amare. An taɓa yi wa Awa aiki a asibiti aka cire mata nono ɗaya, ba ta bari ko 'ya'yanta sun gani ba, kuma ta sa Mma ta yi mata alkawari cewa ita kaɗai za ta wanke ta. Bashiratu ta ɓoye labarin saboda hawan jinin uwarta. Mun fito da galan, kowa a ƙofarsa, galan-galan ɗin suka yi ta zama a rana ba mai tarawa. Matan lungu suka tsaya suna kallon juna. A ƙarshe aka ɗauko wasu mata biyu daga wata unguwa, suka yi wankan, suka fito suna ƙus-ƙus a kan abin da suka gani.

Kwana uku bayan haka Lamisi ta kira Mma ta yi mata ta'aziyya, ba ta san an ɓoye ba. Kafin azahar yalo-yalo, keken haya mai ƙafa uku, ya sauke Mma a bakin lungu da ƙullin kayanta. Damina ɗaya ta wuce a kanta, gyambon ya buɗe, ya fi da. Likita ya ce in bai bushe ba, daga gwiwa zai yanke.

To, a ranar Talatar nan, na je gida na goge jikina da rabin galan, na dawo da takalmina ɗaya na zauna kusa da ita. Warin ciwon ya riga maganata isowa. Na yi kamar ban ji ba.

"Mma, Bashiratu ta ce ki je ki yi ko wata shida."

"Wa ke kwance yanzu a lungun nan?"

"Matar Imoru."

"Ka ga za ta kai wata shida?"

Ni ma na san ba za ta kai ba.

"Ki koya wa yaran mata mana."

"Na kira su. Ɗaya ta suma, ɗaya ta ce mijinta ya hana, ɗaya tana neman hanyar Ankara, babban birni."

Na lalubi abin ban dariya a bakina, ban samu ba. Na dubi kwatar, na dubi pampon da ya zama wurin ɗaure akuya. Ba ni da ruwan da zan ba ta, ba ni da wani lungun da zan kai ta. Abin da ya rage mini kawai na faɗa.

"Can kina da ruwa, Mma. Can za ki tsira da ƙafarki. Mutum in yana da ƙafa biyu, ko'ina zai je."

Ta dube ni daga gemu har ƙafar da ba takalmi.

"Kai shekara hamsin kana da biyu lafiyayyu, iyakar inda suka kai ka kwatar ƙofar gidana. Tashi ka kai galan ɗin nan ɗaya gidan Imoru, ka ce su ajiye, kada su sha."