Kujerar Sabuwa a Motar Jumare

A Makarfi in ka ce Jumare Direba sai a tambaye ka wanne, don direbobi sun yi yawa. Amma ka ce Jumare mai Kwaɗo, ko yaron goye ya san gidan. Kwaɗo mota ce, koriya, ƙofa biyu, kujera biyu, rufinta tamfol, ga ta a durƙushe kamar za ta yi tsalle. Tun yana da baƙin gemu ya saye ta wajen wani Ba'indiye malamin makaranta a Zariya da zai koma ƙasarsu. Gari ya ce ya haukace. Mota ba ta ɗaukar buhun masara, ba ta ɗaukar rake, in ka sa mata akuya sai ɗayanku ya sauka. Jumare ya ce ai ba don masara ya saya ba. Kujera ɗaya tasa, ɗaya ta matarsa Sabuwa, magana ta ƙare.

Ya yi ƙuruciyarsa a kan babbar mota, yana kai hatsi Kudu, bai taɓa take ko kaza ba. Da gwiwa ta fara ƙara ya dawo gida ya kama noman rake. Ba mutumin majalisa ba ne. Tsofaffin da ke zama gindin darbejiya suna auna matan mutane da ido, ba za ka gan shi cikinsu ba. Yana ƙofar gida da bokiti yana wanke Kwaɗo da hannunsa.

Abu ɗaya ne ba ya tashi a gidan. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci, Sabuwa za ta fito da atamfarta ta fita, ta zauna a kujerarta, ta ɗora kwanon kunun gyaɗa a cinya, su nufi wani ƙauye bayan Hunkuyi inda yayarta Mairo take. Mairo ido ya tafi, haƙori ya tafi, baki kaɗai ya rage, kuma ba ta shan kunun kowa sai na ƙanwarta. Shekara da shekaru kunun nan na zuwa da ɗuminsa, ko ɗigo bai zuba ba.

To, mota ma tana tsufa. Kwaɗo ta fara ƙwas-ƙwas daga ƙasa, sitiyari ya riƙa yawo, ka nufi gabas ta leƙa kudu. Ranar da ta kusa sumbatar amalanken rake, Jumare ya kai ta garejin Ashafa, bakaniken da ke bakin tasha.

Ashafa ya ɗaga ta, ya shiga ƙasa, ya fito da wani baƙin abu yana marmashewa a hannunsa kamar tsohon ƙuli-ƙuli.

"Baba, ka ga bushin ɗinka. Robar da ke shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe ke nan, ita ke shanye duka. Wannan ai ta girmi babata."

"Ka bar babarka ta huta. A samo sabuwa."

"Sabuwa tana gidanka, Baba. Irin wannan kuwa an daina yi. Amma akwai wata a Fanteka, foli ake ce mata. Tauri gare ta, mai ba ya cin ta, zafi ba ya cin ta. In na sa maka, har jikokinka."

Aka kawo su daga Kaduna, rawaya kamar gwaiduwar ƙwai. Ashafa ya ƙone tsofaffin da wuta ya fitar, ya goge ramukan, ya shafe sababbin da giris don kada su yi kuka, ya buga su gaba da baya. Jumare na kan benci tun safe, bai ko tafi cin abinci ba.

Gaskiya yaron bai yi ƙarya ba. Kwaɗo ta miƙe kamar an zare mata shekara talatin. Inda ka nuna mata nan za ta bi, kwana kuwa ta sha ta kamar an ɗaure ta da igiya. Jumare ya dawo gida yana murmushi shi kaɗai, tsoho da furfura.

Juma'a ta zo. A kan kwalta ya ce, "Sabuwa, kin ji yadda take kama hanya?"

"Na ji, Malam."

Ta ji kuwa. Da kwalta ta ƙare aka shiga burji, duk tsakuwar da taya ta taka sai ta hau ta ƙarfe ta sauka a ƙugunta, ita da dama ciwon baya ya daɗe da kama ta. Kunu ya yi ta tsalle yana bin murfi. Ta dube shi, fuskarsa kamar ta ango, sai ta cije leɓe ta rufe cinyarta da mayafi. Shi ko bai gani ba. Namiji in yana jin daɗin ƙarfe, ko gobara ce a gefensa sai an taɓa shi.

Juma'ar da ta biyo baya Sabuwa ta ce kanta ke ciwo. Ta gaba ta ce akwai suna a maƙwabta. Sai Mairo ta aiko a tambaya ko ta yi wani laifi ne, ko kuwa an yi mata ta'aziyyar ƙanwa ba ta sani ba. Abin ya tsaya wa Jumare a rai. Ya fita da Kwaɗo shi kaɗai, ya dubi kujerar babu kowa, daɗin ya ƙi zuwa. Ya bincika kansa ko ya faɗi wata magana, bai samu ba.

Kiyashi ne suka faɗa masa. Yana wanke mota da safe ya ga sun ja layi suna shiga ta ƙofar Sabuwa. Ya bi su, ya ɗaga shimfiɗar ƙasa, ya tarar da busasshen kunu a lungun da tsummanta bai kai ba. Ya daɗe a tsugune.

Ya ɗauki kwanon nan nata, ya cika da ruwa, ya tafi gareji, ya miƙa wa Ashafa makulli.

"Baba, ni? Ni zan tuƙa Kwaɗo? Ko dai wasiyya ce?"

"Shiga ka ja, sarkin surutu. Burji za mu."

Jumare ya zauna a kujerar Sabuwa, kwano a cinya. Tun da ya sayi motar bai taɓa zama a wannan kujera ba. Ashe mai sitiyari yana da abin riƙewa, yana ganin rami ya shirya masa. Na gefe sai dai ya ji a ƙashinsa. Kafin su juyo, wandonsa ya jiƙe sharkaf, haƙoransa na haɗuwa.

Ashafa ya dube shi ya ƙyalƙyale. "Baba, kada ka fita haka, za a ce tsufa ya gama aikinsa."

"Cire su."

Dariya ta tsaya. "In na cire duka, yawon sitiyari zai dawo, wata rana ku kwana a rami kai da Hajiya. A bar na gaba. Na baya su ke dukanta. Sai dai me za mu sa? In tayar babbar mota za a yanka, ba ta wuce damina ɗaya. Kuma wannan shan kwanar da kake jin daɗi, rabi zai tafi."

"Ya tafi. Duk damina za ka gan ni."

Jumare ne ya yanka su daga tayar da kansa, da wuƙa da ruwan sabulu, yadda suke yi a dajin Kudu in mota ta lalace ba gari kusa. Aka sa, aka gwada da kwanon ruwa, aka cire aka rage, aka sake gwadawa, har ranar da ya sauko da wando busasshe.

Juma'a da hantsi ya leƙa madafa. "Sabuwa, a dama kunu."

"Malam, yau ƙafata..."

"A dama dai."

Da suka zo ƙarshen kwalta ta ƙanƙame kwano ta runtse ido. Taya ta faɗa burji, mota ta lotsa a hankali ta taso. Ta buɗe ido ɗaya.

"Me ka yi mata?"

"Tsufa ta yi, irin namu."

Ta dube shi, ta dubi hannunsa da ke da sabon yankan wuƙa.

Mairo ta karɓi kwano ta jinjina nauyinsa, ta kurɓa, ta ce sukari bai ji ba, kuma mutum ya yi wata guda bai zo ba sai ka ce Makka ya tafi. Ta shanye tas.

A hanyar dawowa barci ya kwashe Sabuwa, kanta a jikin tamfol. Suka iso babbar kwanar nan da Jumare ya fi so, hanya fayau ba kowa. Ya ɗaga ƙafa daga totur, ya sha ta a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai.