Yaya Sabi'u ya tafi bai koma gaban likitocin ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina ƙoƙarin fita aiki aka kira ni daga asibiti, wai Yaya Sabi'u ya rasu.



Ba cikinmu ɗaya ba. A kamfanin kago ɗaya, na jigilar kaya, muke aiki a nan Guangzhou, shi yana raka masu saro kaya kasuwa, ni ina tafinta. Lokacin da na gama makaranta ba ni da wurin kwana, shi ya ba ni gefen ɗakinsa a unguwar Dengfeng.

Ya yi shekaru yana fama da ciwon hanji, irin wanda ba ya warkewa. Sai ya saya maka shinkafa da kaza, ya zauna da kofin kununsa yana kallonka, yana cewa, "Ci mana, ka ci har da rabona." Muna tsokanarsa cewa duk kasuwar Baima ba banɗakin da bai sani ba. Ya fi kowa dariya, alhali jikinsa ƙarewa yake.

Da abin ya yi tsanani, laoban, wato maigidanmu, ya ce tunda ana biya masa inshorar ma'aikata, ya nemi tallafin waɗanda ciwo ya hana aiki, ya huta. Sharaɗin shi ne likitoci su duba shi su tabbatar.

Ranar ni na raka shi. Ni na ce ya sa shaddarsa mai kyau, kada mu je gaban mutane a wulaƙance. Ni na fesa masa turare.

Likitar, mace ce, ta tambayi sau nawa yake zagayawa a rana. Na fassara. Ya kalle ni, ya sunkuyar da kai, ya ce, "Kamar sau biyu, uku. Alhamdulillahi, da sauƙi."

Ɗaki ɗaya muke. Na san ya fi sau goma, na san har da jini. Amma ta yaya zan buɗe baki in faɗi wannan game da babba, a gabansa, a gaban mace? Na faɗa mata abin da ya faɗa.

Takarda ta fito cewa zai iya aiki. Washegari ya koma jan jakunkuna a kasuwannin Guangyuan.

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan masallaci, ya ce min ya sake nema, sun ba shi ranar Talata. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Wannan karon ka tsaya a waje, ƙanina. Waya za ta yi min tafinta, ita ba na jin kunyarta."

Ranar Asabar ya faɗi a kasuwa. Yau Litinin.

Wallahi raina a dagule yake. Ban san ko tallafin zai ƙara masa kwana ba, wannan na Allah ne. Amma da ya samu ya kwanta ya huta.

Allah Ya jiƙan Yaya Sabi'u, Ya sa ciwon nan ya zama kaffara, Ya ba iyalinsa da ke Kano haƙuri. Don Allah duk wanda ya karanta ya yi masa addu'a. Ni kuma ku roƙa min Allah Ya yafe min shirun da na yi.